Murhun Inna Kande

Ku ajiye wayoyin nan ku matso, yau shari'a na kawo muku.

Wasu ɗalibai uku aka haɗa aikin kammala karatu, Barira da Mudassir da Tanimu. Malaminsu ya ce su ƙero abin da zai raba wani da wahala. Suka zaɓi Inna Kande mai ƙosai, wadda hayaƙi ya cinye wa idanu har likita ya ce ko ta bar murhu ko ta makance. Ita kuwa da kaskon nan take ci da marayu huɗu.

Barira ce ta fara zuwa, da takardar tambayoyi arba'in. Kowace tambaya Inna ta ce, "Lafiya lau, 'yar nan, sai godiya," hawaye na zuba. Wa zai kai ƙara wurin baƙo? Barira ta yar da takardar, ta ɗaura zane, ta yi mako uku tana hura wuta. Sai da ta zama 'yar gida sannan Inna ta faɗa mata gaskiya: ba za ta yi suya a tsaye ba saboda gwiwa, kuma ba za ta rabu da kaskon uwarta ba.

Mudassir ya ɗauki bayanin ya zana murhu sau tara, mai walda ya kore shi sau biyu. A ƙarshe ya fito da murhun zaune, daidai kaskon, da bututu mai kwashe hayaƙi ya kai shi can saman rufi. Idon Inna ya washe. Amma kwana uku ko mutum biyar ba su tsaya ba, ƙosai ya huce a tire. Inna ta ce, "Ɗan nan, Allah ya yi albarka, amma gobe zan koma duwatsuna."

Tanimu kuwa, kunya ma nake ji in faɗa, tun da aka fara aikin bai ɗaga ko biro ba, ƙosan bincike kawai yake ci. Ranar ya iso a makare yana mita: "Inna, ashe kin fito? Ni fa da hanci nake zuwa, kwana uku ke nan ban ji komai ba!" Ashe bututun har ƙanshin yake kwashewa ya kai wa tsuntsaye. Tanimu ya shinshina lungu ya nuna inda iska ke bi, aka karkata bakin bututun can. Washegari layi har bakin titi.

Yanzu masu ƙosan unguwar duk suna son irin murhun, Inna ta kira mai fenti ya rubuta sunan mai aikin a jikin bututun. Ya auna, ya ce wurin suna ɗaya kawai zai ɗauka.

To, fenti na bushewa. Sunan wa za a rubuta?