Muciyar Nomau

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin kakanninmu, wani bawan Allah marini, ana ce masa Nomau. Ku saurara, jama'a.

Wata shekara kasuwar rini ta faɗi, mai marinar ya sallami rabin ma'aikatansa. Waɗanda suka rage jikinsu ya mutu. Ba hira, ba dariya, kowa na jiran ranar da za a ce masa ya tafi.

Nomau kuwa kullum sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya: "Yaya gida? Yaya mai jiki?" Wanda aiki ya yi wa yawa, ya kama masa. Sannan ya ɗauki muciyarsa ya motsa rijiyoyin rini na waɗanda aka sallama, don kada ruwan baban rinin da ke ciki ya mutu. Ya ce, "In Allah Ya dawo da su, su tarar da wurinsu da rai." Da mutane suka ga haka, sai hankalinsu ya fara kwanciya.

To, akwai wani Jatau, gwanin rini ne na gaske, amma ba mai zama kusa da shi. Kullum "Nomau, Nomau" yake ji, abin yana cin ransa. Shi da ya fi kowa hannu! Hassada, jama'a, hassada! Ya je wurin maigidansu, mai marinar, ya ce, "Ranka ya daɗe, Nomau ɓarnar baba yake yi, kuma yana nuna wa mutane kai azzalumi ne."

Maigida bai bincika ba, ya sallami Nomau.

Ma'aikata suka fusata, suka ce su ma tafiya za su yi. Nomau ya san wanda ya kai ƙararsa. Ya ce, "A'a, kuna da iyali, ku zauna. Ku riƙe Jatau, wallahi ya fi ni iya aiki." Ya miƙa wa Jatau muciyarsa. "Ɗan'uwa, ka riƙa tambayarsu yaya gida. Tsoro suke ji."

Jatau ya karɓa. Ya samu abin da ya nema, amma ya kasa ɗaga kai.

'Yan'uwa, mai hassada ko ya yi nasara, kunya ce rabonsa. Yau ana rage ma'aikata a wurarenku. Kai da aka bari, kada ka ci naman abokin aikinka don ka tsira. Ka ƙarfafa masa zuciya, shi ma tsoro yake ji kamarka. Allah Ya raba mu da hassada.