Bakan da Aka Yi Wa Zane

Akwai wani manomi a gindin dutse, shi da wansa, gonar rogo ɗaya ce ke riƙe da gidajensu biyu. A shekarar nan wani ƙaton gyado, aladen daji mai haure, ya sa gonar a gaba, kullum sai ya tone kunya guda. Sai suka sari reshe biyu a itace ɗaya, kowa ya sassaƙa baka.

Ranar da suka ɗaura tsirkiya suka ja, sai ƙas! Bayan kowane baka ya yi 'yar tsaga.

Wan ya shafe tasa da kakin zuma da baƙin tukunya, har ba mai ganewa. Shi kuwa ƙanen ya roƙi matarsa tsohon zanenta na saƙi, ya yage dogon ƙyalle. Ya dafa fata har ta zama danƙo, ya shafa a bayan bakan, ya shimfiɗa ƙyallen daga kai zuwa kai, yana murzawa da babban yatsa don kada iska ta ɓuya a ƙarƙashi. Ya naɗe bakin da zare, ya rataye kwana bakwai.

Wan ya gani, ya yi dariya har da hawaye. Ya ce, "Kai, ƙanena, baka da zane! Saura ɗankwali. In dole ne, manna shi ta ciki mana, inda ba a gani."

Maganar ta yi wa ƙanen zafi ƙwarai, amma ya ce, "Yaya, ta baya ya tsage, ta baya zan ɗaure. Duk mai dariya ya yi ta yi, ba zan cire ba."

Wata safiya suka tarar da gyadon a tsakiyar rogo. Wan ya riga ƙanen ja, bakan nan mai sheƙi ya karye biyu, guntun ya fasa masa goshi. Dabbar ta yo kansa. Ƙanen ya ja tsirkiya har kunne, itacen ya yi ƙara kamar zai rabu, amma zanen ya riƙe. Ya saki kibiya, gyadon ya faɗi taku uku daga ƙafar wan.

Ma'anar wannan misali ita ce: bakunan nan mu ne, kuma ba wanda bai tsage ba, har da ni mai faɗa muku. Kakin nan shi ne kyan fuskar da muke shafawa ranar Lahadi. Zanen kuwa alherin Almasihu ne, ba ya zama sai a daidai inda ka tsage, inda mutane za su gani su yi magana. To, su yi! Kai da ka tuba a gaban ikkilisiya ake nuna ka da baki a kasuwa, ɗaga kanka. Ran da gwaji ya taso maka gadan-gadan, ba mai tambayar wane baka ya fi kyau, sai wanda bai karye ba.