Tashar da Ke Ƙarƙashin Ƙafar Direba Qiu

Akwai wani tsohon direban bas mai suna Qiu Baoshan, mutumin garin da ba tudu ba gangare, da ya kawo matarsa Guilan yawon kwana uku nan Chongqing, birnin da aka gina a jikin tuddai.

Mutumin ya iya tsimi, wannan kam a ba shi. Kujera mafi araha a jirgin ƙasa, ɗaki a can cikin lungu, filas ɗin ruwan zafi da dafaffen ƙwai a jaka. Cutarsa ɗaya ce: taswirar waya.

"Shekara talatin ina tuƙi ban taɓa tambayar kowa hanya ba," haka yake faɗa wa duk wanda ya tsaya.

Ranar komawarsu da hantsi suna hutawa a gindin wata matakala, sai wani tsohon ɗan dako mai suna Ran ya jingine sandar gorarsa kusa da su yana haki. Guilan ta zuba masa ruwan zafi a murfin filas, ta miƙa masa ƙwai biyu.

"Ke! Guzurin jirgi ne fa!" in ji Qiu.

"Yi mana shiru, tsoho. Wannan tumbin naka ba zai san an rage komai ba."

Ran ya yi godiya. Da ya ji ƙarfe huɗu jirginsu zai tashi, ya ce, "Ɗan'uwa, in za ku hau jirgin cikin gari zuwa babbar tasha, kada ka bi waya, domin..."

"Muna da taswira," Qiu ya katse shi.

To, ƙarfe uku saura, waya ta ce wa Qiu ya iso tashar jirgin cikin gari. Ya duba gabas ya duba yamma: fili ne, da bishiyoyi, da tsofaffi suna karta. Tasha ko alamarta. Sau uku ya zagaya filin nan, gwiwar Guilan ta kumbura, ta zauna a kan jaka ta ce ba ta ƙara taku ɗaya. Ga shi gobe hutun ƙasa zai fara. In jirgin nan ya tafi, babu sauran kujera mai araha sai bayan mako, aljihunsu kuwa ba zai kai ba.

Sai ga murya daga rumfar mai taliya: "A'a, direban shekara talatin! Zagaye na nawa ke nan?"

Ran ne. Ya ajiye kwanonsa bai ƙarasa ba, ya rataya jakunkunansu a gora, ya ce, "Yayata, dafa kafaɗata."

Ya shige da su wani benen haya, suka ratsa ta gaban shanyar mutane, ya danna lif. Qiu ya ɗaga kai ya ga lamba: ashirin da biyu. Filin da yake ta zagayawa, a hawa na ashirin da biyu yake! Tashar tana ƙarƙashin ƙafarsa tun ɗazu.

Da lif ya buɗe a ƙasa, ga ƙofar tasha ido da ido. Qiu ya sa hannu a aljihu zai biya shi, Ran ya ture hannun.

"An riga an sallame ni da safe. Ku yi sauri."

Qiu ya riƙe hannun tsohon da hannu bibbiyu, ya sunkuyar da kai.

Sun samu jirginsu na ƙarfe huɗu ana shirin rufe ƙofa. Can an yi nisa, Qiu ya ɗauki filas, ya taɓa na kusa da shi: "Don Allah ɗan'uwa, ina ake ɗibar ruwan zafi?"

Guilan ta kalle shi ta ce, "Ashe bakin nan ya iya tambaya."

Darasi: In ka je babban gari da ɗan guzurinka, yi tsimin kuɗi, amma kada ka yi tsimin alheri da tambaya. Waya ta san suna, ɗan gari ya san ƙofa. Ku tura wa wannan ɗan'uwan naku da ya fi ƙarfin tambayar hanya, kun san shi.