Kwaɗon Itace a Hannun Makaho

Akwai wani masunci da ke zaune a bakin wani babban tafki, shi da matarsa da 'ya'yansa, da wansa wanda ciwon ido ya makantar. A shekarun baya, in ya jefa taru sai ya nemi mai taya shi ja. Amma wata shekara kainuwa da bado suka rufe gaɓar tafkin ruf. Duk inda ya jefa taru sai ya kwaso ciyawa, ko kuwa tarun ya yage. Kifi kuwa yana nan a ƙarƙashin ganye, yana ta ƙiba abinsa.

Mutumin nan yana da ido, ba a raba shi da wannan. Wata safiya ya ga kwaɗo ya diro daga ganyen bado zai haye, kafin ya kai sai ruwa ya tsage, giwan ruwa ya haɗiye shi. Ya koma gida ya sassaƙa kwaɗo da itacen rimi marar nauyi, ya shafa masa koren fenti, ya ɗaura masa ƙugiya bakinta yana duban sama don kada ta kama ciyawa. Ya haɗa shi da zare mai ƙarfi a kan doguwar gora. Da ya jefa shi, kwaɗon ya tsaya a saman ruwa, yana ɗan motsa gorar yana tafiya kamar mai rai.

Dabarar ta yi kyau, kifi ya fito. Sai dai duk lokacin da ruwa ya fashe, zuciyar masuncin takan buga, ya fizge gorar da dukan ƙarfinsa, kwaɗon ya tashi sama ya faɗo a bayansa, ƙugiya ba komai. Rana ɗaya ya yi haka sau bakwai. Ya ce laifin ƙugiya ne, ya wasa ta. Ya ce laifin fenti ne, ya sāke launi. Har kifin ma ya zarga da wayo. Hannunsa ne kaɗai bai taɓa tuhuma ba.

Da aka kwana tara, matarsa ta ce masa, "Maigida, tukunyar nan ta manta da ƙanshin kifi, hatsin rumbu kuma ya kusa ƙasa. Me ka yanke?"

Shi kuwa ya riga ya yanke a zuciyarsa. Zai sayar da kwalekwalen da mahaifinsu ya bar musu, ya tafi birni neman aikin ƙarfi, wansa kuma a kai shi wurin ƙanwarsu a wani gari mai nisa da ruwa. Abin yana ci masa rai ƙwarai, amma yana ganin bakin makaho nauyi ne da gidan ba zai ƙara iya ɗauka ba.

Wan nasa yana zaune a gindin bango, ya ji komai, har abin da ba a faɗa ba. Ya ce, "Gobe ka tafi da ni. Ina so in shaƙi iskar tafkin nan kafin jirgin Baba ya bar hannunmu."

Washegari da sassafe suka shiga ruwa. Masuncin ya jefa kwaɗonsa sau biyu, kifi ya kawo hari sau biyu, ya fizge sau biyu, ya tashi a tutar babu. Ana cikin haka ruwa ya taru a cikin kwalekwalen. Ya jefa kwaɗon a bakin bado, ya miƙa wa wansa gorar ya ce, "Yaya, riƙe mini, ka riƙa ɗan motsa ta," shi kuma ya sunkuya yana kwarfar ruwa da ƙwarya.

Sai ruwa ya fashe da ƙara irin wadda ba su taɓa ji ba. Masuncin ya zabura yana ihu, "Ja, Yaya! Ja mana!"

Makahon bai ko motsa ba. Ya riƙe gorar sako-sako, ɗan yatsansa a kan zaren. Ƙanen ya ji kamar ya fashe da kuka, ya miƙa hannu zai ƙwace gorar. A daidai nan zaren ya miƙe, bakin gorar ya sunkuya, sai makahon ya ɗaga ta da ƙarfi sau ɗaya. Suka sha fama su biyu kafin su jawo giwan ruwa mai tsawon hannun mutum cikin jirgi.

Masuncin yana haki ya ce, "Yaya, ba ka ji ƙarar ba ne?"

Ya ce, "Na ji ta sarai, kunnena ai lafiya lau yake. Amma ƙara ba kifi ba ce. Sa'ad da ruwa ya fashe, bakinsa a buɗe yake, bai riga ya rufe ba. In ka ja a lokacin, kai da kanka ka cire masa abinci daga baki. Ka bari sai ka ji nauyinsa a hannunka."

Masuncin ya karɓi gorar, kunya ta rufe shi. Da ruwa ya sāke fashewa, ya cije leɓe, ya daure har ya ji nauyin. Ran nan kifi biyar suka kai gida. Ba a sayar da kwalekwalen ba, ba a kuma kai makahon ko'ina ba. Tun daga ranar, kowace safiya shi ne yake zama a gaban jirgi.

Ma'anar wannan misali, 'yan'uwa, ita ce. Tafkin nan shi ne mutanen da muke ɗauke da su a zuciya muna yi musu addu'a: ɗan da ya bar gida da fushi, mijin da ya daina taka ƙofar ikilisiya, maƙwabciyar da ta yi shekara ba ta amsa gaisuwarki. Ciyawar da ta rufe ruwa ita ce ɓacin rai da kunya da suka hana mu kaiwa gare su ta hanyar da muka saba. Kada wani ya fita ya ce an koya masa yaudara da kwaɗon itace. Abin da mu muke miƙawa na gaske ne, wato alheri da maganar Ubangiji.

Fashewar ruwa ita ce alamar farko. Ɗanka ya kira waya bayan shekara uku, ya ce gaisuwa kawai. Mijinki ya tsaya a bakin taga ran Lahadi yana jin waƙa. Mu kuma, don murna, sai mu fizge. Mu zuba masa wa'azi, mu tono laifofin bara, mu shelanta wa duniya cewa ya tuba, alhali bakinsa a buɗe yake tukuna. Ya firgita ya koma ƙarƙashin ciyawa, mu kuma mu ce ai taurin kai gare shi. Sauri ya haifi nawa.

Ku tabbata, Ubangiji bai bar tafkin nan ba kifi ba. Shi ne yake jawo zuciya sama, kuma ba ya barin aikinsa a rabi. Naku shi ne ku amsa gaisuwa da gaisuwa, ku ajiye kujera, ku riƙe zaren addu'a. Ranar da mutumin zai ce da bakinsa, "Ka taimake ni," wannan shi ne nauyin, sai ku riƙe shi da dukan ƙarfinku. In kuwa hannunku ya cika rawa, ku duba gindin bango a gidanku. Mai yiwuwa wanda kuke shirin sallama shi ne zai koya muku jira.