Nomau Magini da Kafin Alƙalamin Falke

Masu adana labaran mutanen farko sun ruwaito cewa a birnin Tsaunin Gawo, zamanin Sarki Korau, an yi wani magini ana ce masa Nomau, wanda ruwa bai taɓa cin gininsa ba. Wata rana wani falke mai fataucin goro, sunansa Gwadabe, ya kira shi ya nuna masa soron mahaifiyarsa. Rufin ya tsage, gara ta cinye azara, ga damina saura wata biyu. Suka shirya a kan keso uku na wuri, Nomau ya karɓi keso ɗaya kafin alƙalami.

Aka yi kwana ashirin ba a ga ƙeyarsa a gidan ba. Gwadabe ya kai ƙara fada. Dogari ya iske Nomau a bakin kududdufi yana kwaɓa ƙasa. Ya wanke ƙafafunsa ya bi shi, ko gabansa bai faɗi ba, don ya san inda kowane wuri na kuɗin ya shiga.

Da ya faɗi ya yi gaisuwa, Sarki ya dubi fadawa ya ce, "Kuɗin da aka biya kafin aiki, na wane ne, mai bayarwa ko mai karɓa?"

Waziri ya ce, "Allah ya ja zamaninka, na mai bayarwa ne, har sai ido ya ga aiki."

Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, a yi mini izini in faɗi abin da ya sami maigidana Jatau, wanda ya koya mini gini."

Sarki ya ce, "Faɗi."

Ya ce, "Wani attajiri ya ba shi aikin rumbun ajiya, ya hana shi ko wuri ɗaya, ya ce sai ya ga bango ya tashi. Jatau ba shi da abin sayen azarar kirki, sai ya tsinto ruɓaɓɓiya, ya ɗora tubali tun bai bushe ba, ya gama cikin kwana bakwai. Ruwan farko rufin ya rufta a kan hatsin shekara guda. Har ya koma ga Allah ba wanda ya sake kiransa aiki. Ni na ɗauki gawarsa. Saboda haka, ranka ya daɗe, kuɗin nan ba na Gwadabe ba ne yanzu, ba kuma nawa ba ne, na soron ne. A aika a duba."

Sarki ya tura Waziri tare da falken. A bakin kududdufin suka tarar da tubali dubu biyu a jere suna shan rana, ga azarar giginya arba'in da aka ɗauko daga tafiyar kwana uku, ga makuba ta yaɓe a jiƙe cikin tukwane. Gwadabe ya ƙwanƙwasa tubali ɗaya, ya ji ya yi ƙara, ya sunkuyar da kai.

Da suka komo, Gwadabe ya ce, "Magini, ka yafe mini. Tsohuwa ce kullum take duban sama tana tambayata."

Sarki ya ce, "Nomau, hannunka a wanke yake, amma ka bar mutum kwana ashirin cikin zulumi, alhali kalma ɗaya ta ishe shi."

Nomau ya ce, "Wannan kam laifina ne, na karɓa."

Sarki ya ji daɗin amsar. Ya sa aka yi shela cewa daga ranar kafin alƙalami sai a gaban shaidu biyu, kuma kowace Juma'a magini ya nuna wa mai gida abin da ya saya. Ya naɗa Nomau Sarkin Magina, ya ba shi riga da rawani. Soron kuwa an gama yaɓensa saura kwana tara ruwa ya sauka.

Masu ruwayar suka ce, wanda zai ba da aiki ya saki abin da aikin ke bukata tun farko, wanda aka amince wa kuma kada ya ƙyale amanarsa a ɓoye, ya nuna ta tun ba a tambaye shi ba. Allah ya haɗa mu da masu riƙon amana.