Manomin da Ya Nome Bakin Hanya Kaɗai

Akwai wani mutum mai gonar dawa a bakin hanyar kasuwa. Da ruwa ya sauka ya yi shuka kamar kowa, amma lokacin noman farko sai ya lalace a gindin tsamiya yana dara da abokai. Kullum cewa yake yi, gobe. Kafin ya farga, ciyawar harƙiya ta rufe gonar.

Kunya ta kama shi. Sai ya ɗauki fartanya ya nome gefen hanya kaɗai, kamar taku goma. Dawar wurin ta tashi ta yi duhu, ta tare ido, ba a hango ciki. Masu wucewa suna cewa, "Sannu da aiki, bana ka yi gona!" Yakan amsa kansa a sunkuye.

Wata rana maƙwabcinsa ya same shi ya ce, "Baban Keziya, albishirinka. Sarkin noma ya ce ranar Laraba zai kawo gayya duk gonar da ciyawa ta fi ƙarfin mai ita. Ba sai ka dama kunu ba, ba sai ka yi tuwo ba. Shi zai ciyar da mutanensa."

Mutumin ya ce, "To ni ina ruwana? Ba ka ga dawata ba ne?"

Maƙwabcin ya yi dariya. "Na ga ta bakin hanya. Ni ma bara ta bakin hanya na nome, har na fi ka iya gyara ta. Mutanen sarkin noma ne suka cece ni."

Sai mutumin ya ce su zo.

Ranar Laraba ga su da ganga da fartanyoyi. Sarkin noma ya ce, "Maigona, nuna mana inda aikin yake." Mutumin ya ɗaga ido, sai ya ga surukinsa a cikin taron, ga kuma abokan dararsa biyu. Gumi ya karyo masa. Ya miƙa hannu ya nuna gefen hanya.

Sarkin noma ya duba ya ce, "Ai nan a nome yake. Babu wani wuri a ciki?"

Ya ce, "Babu, ranka ya daɗe."

"Ka tabbata? Don mu shiga ciki muka zo."

"Babu."

Ba su kutsa da ƙarfi ba, gama gayya ba ta shiga inda maigona bai nuna ba. Suka saɓa fartanyoyinsu suka wuce gonar gaba. Ya tsaya shi kaɗai yana jin gangar tana nisa.

Da kaka ta yi, dami uku ya kawo gida. Matarsa ta leƙa rumbu, ta dubi yaranta, ta ce, "Maigida, ina sauran?" Bai iya ɗaga kai ba.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa, gonar nan zuciyarmu ce, ciyawar kuwa zunubi. Bakin hanya shi ne abin da muke nuna wa mutane ranar Lahadi: ɗankwali mai kyau, waƙa da ƙarfi, "lafiya lau" a bakin kowa. Sarkin noma shi ne Yesu Almasihu. Bai ce sai mun gyara kafin ya zo ba, bai nemi ko ludayin kunu a hannunmu ba, ya riga ya biya da jininsa. Ku lura, ba yawan ciyawa ne ya jawo yunwa gidan mutumin nan ba, gama mutanen sun isa su gama da ita kafin rana ta yi tsaka. Cewa "babu" ne ya jawo ta.

Maƙwabcin kuwa mu ne, masu fita shelar bishara. Ni ba ni da ilimi mai zurfi, amma wannan na gane shi: in muka shiga gidan mutum kamar waɗanda gonarsu ba ta taɓa ciyawa ba, ƙara ɓoyewa zai yi. Mu fara da "ni ma."

Ina faɗin wannan da nauyin baki. Shekara biyu ina fita bishara tare da zumuntar mata, alhali ba ma gaisawa da ƙanwata saboda wata magana da na yaɗa a kanta, wadda na san ba gaskiya ba ce. 'Ya'yana sun sani, suna kallona ina ɗaura ɗankwali ina fita. Abin da ke hana ni sukuni ke nan, kada su koyi wannan irin noma a wurina.

Makon jiya na durƙusa na faɗa wa Ubangiji zunubin nan da sunansa, sa'an nan na tafi ƙofar ƙanwata. Ba ta ce ta yafe ba tukuna. Amma ta shimfiɗa mini tabarma.