Takardar da Tanne Ta Ɓoye a Rumbu

Akwai wata dattijuwa mai suna Tanne a wani ƙauye kusa da Filinge. Tun tana da ƙuruciya, wata rana gardin kumandan, wato dogarin Nasara mai mulkin yankin, ya zo da takarda mai jan hatimi, ya tafi da mijinta Baushe aikin hanya. Bai dawo ba, ko gawarsa ba ta gani ba.

Ɗanta guda, Isufu, shi ma lakkwal, makarantar boko, ta ɗauke shi. Sai a 1958 ya dawo daga Faransa, ya gama digirin dakta kan cututtukan hatsi. Ya nemi gurbin aikin bincike a wata jami'a a Dakar, yana jiran amsa. Kullum sai ya tsaya bakin hanya yana hangen motar wasiƙu.

"Isufu, mi kake jira haka?"

"Inna, zancen boko ne. Ko na gaya miki ba za ki gane ba."

Ta koma ga dakanta.

Wata Talata ya tafi gona ɗibar zangarniya. Tanne na sussuka sai ta ji sawun doki. Ta ɗago, ta ga jar hular gardi. Taɓarya ta suɓuce mata.

"Tsohuwa, nan ne gidan Isufu Baushe?" in ji gardin.

"Ba ya nan. Ya tafi Abala."

"Ki ba shi wannan. Kumandan na son ganinsa cikin kwana goma."

Jan hatimi ne, irin na wancan karon. Da ƙurar dokin ta kwanta, ta naɗe takardar cikin tsumma, ta hau rumbu, ta cusa ta can ƙarƙashin damman gero.

Daga ranar abinci ya daina shiga cikinta. Jaki ya yi motsi, ta zabura. Ta yanka baƙar kaza, ta roƙi iskokin gidansu su rufe idon Nasara. Gardin ya sake dawowa, ta tare shi tun daga rijiya.

"Ai ya wuce Abala, ya bi Buzaye."

Isufu kuwa sai ramewa yake. Ta ɗauka jikinsa ne ke gaya masa ana farautarsa.

Bayan wata biyu, da ta ga shiru, ta kira shi bakin rumbu, ta kwance tsumman tana murmushi.

"Ga abin da na tsare ka da shi. Ubanka sun ɗauke, kai ko ban ba su ba."

Ya karanta. Amsar Dakar ce, ta biyo ta hannun kumandan. An ba shi gurbin, har da tikitin jirgi. In bai amsa cikin kwana goma ba, za a bai wa wani.

Ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya ga wuyanta duk ƙashi. Ya tuna tambayar da ta yi masa, da amsar da ya ba ta.

"Sun haƙura da kai ko, ɗana?"

Ya ninke takardar. "Sun haƙura, Inna."

Darasi: Kada karatunka ya sa ka ga iyayenka ba su isa a yi musu bayani ba. Magana biyu da Isufu ya hana uwarsa ita ta raba shi da aikin da ya yi shekaru yana nema. Ku tura wa 'yan boko na gidanku.